Ƙanina Ya Tsira Daga Igiya, Amma Ya Ce Sai Ya Je Gidan Da Aka Nemi A Rataye Shi

Assalamu alaikum Anti Lauratu. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar mai zuwa. Ina cikin farin cikin da ban taɓa yin irinsa ba tun da uwata ta haife ni, amma wanda nake murnar dominsa yana neman ya jiƙa mini aiki. Ki yi haƙuri in na yi ta zuba, bakina ya daɗe a cike.

Ni haifaffiyar unguwar Mafoni ce, aure ne ya kawo ni unguwar Mairi, inda nake sana'ar turaren wuta da humra. Ƙanina Mikail yadi yake sayarwa a Kasuwar Kwastam, shagonsa jikin na amininsa Sa'id. Tare suka taso a lungu ɗaya. Mahaifiyar Sa'id, Ya Kellu, ta sha goya Mikail yana jariri, ni kuwa ba na iya ƙirga tuwonta da na ci. To, Shaiɗan ya shiga tsakanin abokan nan a kan wani tebur da Sa'id ya kafa ya tare ƙofar shagon Mikail. Shi kuma ƙanin nawa, Allah ya shirye shi, bakinsa ba linzami, ya tsaya gaban 'yan layi ya ce sai ya ga bayan Sa'id. Ba a jima ba aka wayi gari da gawar Sa'id a cikin shagonsa, an buge shi a ka, ga hular Mikail yashe kusa da shi.

Hular nan, Anti, ba wanda bai san ta ba a layin. Zanna ce ruwan toka da jan zare, matarsa Rahmat ta ɗinka masa da hannunta tana amarya, shi kuma ya dinga karkata ta yana fankama kamar shi ya fara aure a Barno. Tun a ofishin 'yan sanda ya gaya musu hular ta bar hannunsa. Ya ce a wani biki a nan Mairi, ana ganga, Sa'id ya shiga fili ya taka rawa ta burge shi, shi Mikail ya cire hular ya ɗora masa. Haka samarinmu suke yi, kuma hular da ka ɗora wa abokinka a fili ta zama tasa, abin kunya ne ka ce a dawo maka da ita. Amma wa zai shaida? Kin san yadda garinmu yake a shekarun nan, ko sunanka aka kira a caji ofis sai ka nemi wurin ɓuya. Duk 'yan bikin suka yi gum. Ya Kellu kuma ta tsaya gaban alƙali ta ce ba ta taɓa ganin hular a kan ɗanta ba. Aka yanke wa Mikail hukuncin kisa ta hanyar rataya.

Ba zan iya ba ki labarin shekarun da suka biyo baya ba. Rahmat na da ciki aka kama shi, yarinyar da ta haifa, Siddiƙa, har ta shiga firamare ba ta san ubanta ba sai ta bayan ƙarfe. Mahaifiyarmu ta yi kuka har ganinta ya ragu. Duk ranar da aka ce za a sa hannu a takardun masu jiran kisa, ko gaskiya ne ko jita-jita, gidanmu ba a ɗora tukunya.

Ni ba boko mai zurfi na yi ba, amma ina da waya, ina da baki. Wata rana na kunna bidiyo a shafina na Fesbuk, wanda nake tallar turare a kai, na faɗi labarin nan ina hawaye. Kafin ki ce kwabo abu ya watsu, 'yan jami'a suka ɗauka, aka kai Tiktok, aka dinga rubuta #ASakiMikail. Kada ki ɗauka kowa ya bi bayana fa! An zage ni kamar ba gobe. Wasu suka ce ruwa ba ya tsami banza, wai alƙali ba mahaukaci ba ne. Wasu suka ce kowane mai kisa yana da yaya mai kuka. Wani har ya ce tallar humra nake yi da jinin bawan Allah. Kwastomomi suka gudu, ƙannen mijina suka ce ina zubar musu da mutunci. Ni kuwa duk wanda ya faɗa mini ɗaya sai na mayar masa da uku, ban raga wa kowa ba.

Da na ga surutu ba zai buɗe ƙofar kurkuku ba, sai na sa hoton Mikail sanye da hular, na roƙi duk wanda ya je bikin nan ya ji tsoron Allah ya yi magana. Allah mai iko! Wata baiwar Allah mai suna Phebe, ƙawar amaryar bikin nan, wadda yanzu take aikin jinya a Yola, ta ga hoton. Ta tono tsohuwar wayarta, sai ga bidiyon rawar. Ga Mikail nan ɓaro-ɓaro yana cire hula yana ɗora wa Sa'id, ga Sa'id yana dariya yana gyara mata zama. Wani lauya ya karɓi shari'ar don Allah, ango da amarya suka samu ƙarfin gwiwa suka yi rantsuwa a kan ranar bikin, har wani maƙwabcin shago ya fito ya ce ya sha ganin hular rataye a ƙusa cikin shagon Sa'id, don tun da suka ɓata ya daina sa ta. Kotun ɗaukaka ƙara ta duba, ta ce a sake shi.

Wayyo Anti, da kin ga ranar! Na yi guɗa har muryata ta dushe. Masu keke suka jeru suna hon, mahaifiyarmu tana shafa fuskarsa da hannu biyu don ta tabbatar shi ne. Masu cewa ruwa ba ya tsami banza kuwa, ko tarinsu ban ƙara ji ba. Idan rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi nake ji, kuma ina ganin na cancanci in ji shi.

Ga matsalar. Ana tsakiyar rigimar nan wani ya ɗauki Ya Kellu a waya tana cewa ba za ta huta ba sai ta ga an rataye Mikail. Mabiyana suka yi mata ca. Aka haɗa fuskarta da waƙar habaici, aka sa hoton ƙofar gidanta, ana kiranta tsohuwar banza mai shaidar zur. Yanzu ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki. Ni ban rubuta ko ɗaya ba, ban kuma sa kowa ba, amma wallahi bai dame ni ba. Har yau cewa take bidiyon haɗin kwamfuta ne, Mikail ne ya kashe mata ɗa.

Na shirya walima ranar Asabar a ƙofar gidanmu na Mafoni, da rumfa da masu ganga, za mu haska kai tsaye ga duk wanda ya taya mu yaƙi. Sai Mikail ya ce ba zai zauna a rumfar ba sai ya fara zuwa ya yi wa Ya Kellu ta'aziyya. Wai an kama shi tun kafin a kai Sa'id makwanci, bai ɗauki makarar amininsa ba, bai ce wa uwarsa ya haƙuri ba, kuma abin ya fi zaman kurkukun ci masa rai. Ya ce ni zan shige masa gaba tunda cikin gida na mata ne, kuma kada a buga ganga a lungun. Ji mini yaro! Matar da ta nemi wuyansa? Ina tsoron ta tofa masa yawu, ina tsoron danginta su illata shi. Mabiyana kuma cewa suke mu je da waya a kunne, duniya ta ga yadda za ta sunkuyar da kai. Na yi masa faɗa, na yi lallashi, ya kafe. In raka shi, ko in bar shi da taurin kansa in yi walimata ba shi?

Mai Turaren Wuta, Mairi

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka, barka, barka! Na taya ki guɗa daga nan inda nake zaune. Kin tsaya wa ɗan'uwanki lokacin da maza suka noƙe, kin sha zagi ba ki ja da baya ba, kuma Allah ya ba ki nasara. Kada ki bari kowa ya sa ki jin kunyar murnarki. Ki yi walima, ki dafa shinkafa ta wadata, ki kira Phebe ki zaunar da ita a kujerar gaba.

Amma ki lura da abin da ya fitar da Mikail. Yawan masu ihu a waya bai buɗe ƙofar ba, ke da bakinki kin faɗa. Hujja ce aka kai gaban alƙalai suka auna. Dubban da suka rubuta a sake shi, akasarinsu ba su san shi ba, ba su san Sa'id ba, kukanki ne ya taɓa su. Da wata mai kuka ce ta riga ki, da ita za su bi. Sun yi rana, domin ta hanyarsu roƙonki ya isa Yola, mu gode musu. Sai dai ba su ne za su tsara miki yadda za ki zauna da maƙwabciyar mahaifiyarki ba.

Yanzu ki dubi Ya Kellu da idon rahama. Ba ƙarya ta yi a kotu ba, hular a shago take, ba ta gan ta a kansa ba. Aka ce mata ga wanda ya yi barazana, ga hularsa, ga hukuncin alƙali. Wace uwa ce ba za ta yarda ba? Shekara da shekaru da wannan ta riƙe zuciyarta. Ranar da kuke guɗa, ita aka mayar da ita farko: ɗanta na kabari, wanda ya kashe shi yana yawo a gari, ba wanda ya san shi. Cewa da take bidiyon haɗi ne, ciwo ne ke magana. Kin san zafin a yanke wa naka hukunci ba a saurare shi ba. To, abin da aka yi mata a waya ke nan, kuma a ƙarƙashin sunan ƙaninki aka yi.

Tsoronki ma yana kan hanya, ba zan ce ku faɗa gidan kai tsaye ba. Ga yadda nake gani. Tun yau ki hau shafin nan naki, da muryar nan taki da ba ta raga wa kowa, ki ce duk wanda ya ƙara taɓa Ya Kellu ba ya tare da ku, a goge waƙar, a goge hoton ƙofarta. Sannan ku aika limamin unguwa da bulama, wato mai unguwa, su nemi izininta da na mazan gidan. In ta ce a zo, ku je da rana tare da dattawan, ki bar waya a gida. Kada ku kai mata bidiyo, kada ku kare kanku, kada ku jira ta ba ku haƙuri. In ta yi faɗa ku sunkuyar da kai. In ta ce ba ta son ganinku, Mikail ya tsaya a zaure ya yi wa mazan ta'aziyya, ya wuce maƙabarta ya yi wa amininsa addu'a. Ya sauke nauyinsa ke nan. Ganga kuwa ki kai ta Mairi ƙofar gidanki, ku taka har ƙafa ta gaji, amma ban da lungun da take kwana tana jiyowa.

Jama'ar da kika tara kuma kada ki sallame su. Ki juya su ga tambayar da ta rage, wato wa ya kashe Sa'id, ku nemi hukuma ta sake buɗe bincike. Ki ja musu kunne kada a kama sunan kowa a waya, duk mai wani bayani ya kai wa lauya.

Game da tambayarki, ki raka shi. Kin yi shekaru kina gaya wa duniya ƙaninki ba mugu ba ne. Ga shi ya fito, abin da ya fara nema shi ne ya durƙusa gaban uwar da ta nemi a rataye shi ya yi mata gaisuwar ɗanta. Ba ki taɓa sa wata hujja a shafinki da ta kai wannan ba. Ki yafa mayafinki ki shige masa gaba, ki yi sallama da muryar da kike yi da ita kina yarinya.

Allah ya jiƙan Sa'id, ya tona asirin wanda ya zubar da jininsa, ya sanyaya zuciyar Ya Kellu. Allah ya mayar wa Mikail da alherin shekarun da ya rasa, ya raya Siddiƙa a gabansa. Ke kuma Allah ya ƙara kasuwa, ya bar zumunci.

Taku,
Anti Lauratu