Ban Haƙurin Munkaila

Yaya Abdul-Manan,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Tamale, ya aikin ofishin lauya? Mu nan Zongo lafiya, sai ƙaninka Munkaila da ya jawo mana magana. A garejinsu na Sofoline suka yi cacar baki da Fadil direban trotro, motar haya, kan wurin ajiye mota. Fadil ya zagi Inna, Munkaila kuwa sifana na hannunsa, ya sauke masa a ka. Ka san shi, zuciya a kusa kamar ashana. Fadil yana asibiti, 'yan sanda sun ba da belin Munkaila. Baba ya ce Juma'a za a kai goro gidan su Fadil a Buokrom, dattawa su kashe wutar. Ka gaida matarka Ruƙayya.

Ƙanwarka,
Nasira

Nasira,

Wa alaikumus salam. Na karanta. Ki fahimci wannan, ki faɗa wa Baba. Duka mai sauƙi kotu kan bari a sasanta a gida. Rauni da makami ya fi haka nauyi. In Fadil ya rasu, ya zama kisa, kuma kisa iri biyu ne: wanda aka yi ba da niyya ba, da na gangan. Na farko alƙali ke auna shekaru, har ya duba zagin da aka yi. Na biyu ɗaurin rai da rai ne. Niyya ce ta raba su, niyya kuma daga bakin mutum ake kamo ta. Dattawa su je, amma kada Munkaila ya buɗe baki. Allah ya ba Fadil lafiya.

Yayanku,
Abdul-Manan

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wa Baba takardarka, ya ce dokar ofis daban, ta Zongo daban, wai ina aka taɓa ban haƙuri da bebe? Kai ma ka san al'adar: mai roƙo ba ya kawo uzuri, ɗaukar laifin yake duka har da ƙari. Munkaila ya durƙusa gaban Hajiya Adizatu, uwar Fadil, ya kira ta uwa, ya ce, "Maame, Fadil bai yi mini komai ba. Da gangan na yi, na daɗe da shi a zuciya." Ta yi kuka, ta dafa kansa, ta yafe. Aka raba goro.

Litinin Fadil ya cika. Ashe wani ɗan gidan ya ɗauki zaman ban haƙurin a waya, abin ya zaga har hannun 'yan sanda. Sun zo sun tafi da Munkaila. Ina jin tsoro, Yaya.

Nasira

Nasira,

Allah ya jiƙan Fadil. Yafewar Hajiya tana da lada, amma yanzu gwamnati ce mai ƙara, ba ita ba. Hanya ɗaya ta rage. Munkaila ya faɗa wa kotu cewa maganar al'ada ce ya yi, ba gaskiyar abin da ya faru ba, dattawa su shaida, 'yan gareji su shaida zagin. Ki je ki same shi da kanki.

Abdul-Manan

Yaya,

Salam. Na je, na faɗa masa. Ya ce in ya tsaya a kotu ya ce ƙarya ya yi wa Hajiya, to yafewarta ta tashi, shi kuma yafewar nan kaɗai yake da ita. Ba zai janye ba.

Ya ce a gaishe ka.

Nasira