Babur Ya Farka, Maigidana Ya Ce Sai Lyon

Hajiya Rabi'atu, don Allah ki taimake ni da shawara, na ga abin da ya fi ƙarfin bakina.

Maigidana, Malam Muntaka, ya kamu da shanyewar ɓarin jiki farkon hunturu, bayan ya rufe babur ɗinsa a garaji kamar kowace shekara. Ya samu sauƙi, amma ya koma shiru. Mutumin da surutunsa ke hana ni sauraron rediyo!

Da sanyi ya fara sakin gari, sai ya sauka garajin, na bi shi ina faɗa. Hajiya, hannun da ke zubar da shayi a kan rigarsa, shi na ga yana sa batir, yana canza mai, yana shafa wa sarƙa man giris, bai yi rawa ba. Ya hura tayoyi, ya gwada birki. Da ya murɗa, injin ya yi tari, ya kama. Malam ya yi dariya har da hawaye. Na tsaya ina ta tasbihi. Ikon Allah sai kallo.

To, 'yarmu Raliatou ta haihu a Saint-Fons, kusa da Lyon, Malam ya rantse a kan babur zai je suna, tun daga Paris har Lyon. In na hana shi, ina tsoron shirun nan ya dawo. In na bar shi, ina tsoron a kira ni a waya da mummunan labari.

Mai Zullumi, Saint-Denis

'Yar'uwa, barka da arziki biyu. Abin da kika gani ni'ima ce, kuma tsoronki yana kan hanya.

Malam ya fi mu sanin cewa babur da ya kwana hunturu ba a hawa da shi babbar hanya ranar farko. Zagayen unguwa ake fara yi. Ki tuna masa cikin raha cewa jikinsa ma ya kwana hunturu. Likitansa kaɗai zai ce ya hau ko kada ya hau, ku je tare. Suna kuwa, ku shiga jirgin ƙasa. Jika kakansa yake so, ba injin ba.

Kada ki raba shi da garajin. Ranar da likita ya yarda, ki sayi hular kwano, ki hau bayansa. Mai ɗauke da matarsa ba ya gudu.

Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya raya jariri.