Kujerar Gaba a Motar Baba Jide

Samaru, Zariya.

Zuwa ga Yayana Japheth,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Winifred da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfi a wurin aiki, ya tsare ku daga sanyin Jamus da kake yawan ba mu labari. Mu nan muna lafiya. Damina ta yi albarka, masarar da maigidana Dominic ya shuka a bayan gidan Baba har ta fi ƙarfinmu, muna ta rabawa maƙwabta. 'Yata Ƙauna ta koma makaranta, ta yi tsawo har ba za ka gane ta ba. Ƙafar Mama ma ta yi sauƙi, ta ajiye sandar. Za ka yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Duk lokacin da ka kira, Mama tana kusa da ni, maganar kuwa ba ta gabanta ba ce. Shi ya sa na ba Christabel, tunda za ta koma Jamus, ta kawo maka hannu da hannu.

Ka ce in bincika maka tsakanin Marsandi da BMW da Audi, wacce ta fi jure hanyoyinmu da hannun makanikanmu, don ka aiko wa Mama. Na yi binciken. Na fara zuwa Muchia wurin Nedu, bakaniken da ke duba Marsandin Baba. A ganinsa Marsandi ta fi haƙuri, kuma kayanta ko'ina akwai a Sabon Gari. BMW ta fi daɗin tuƙi, in ji shi, amma tana son mai kula da ita a kan lokaci. Audi kuwa ya ce ba ta da laifi, sai dai waɗanda suka san kanta a garin nan ba su da yawa. Wani mai Audi da ke jiran gyaran taya ya ji, ya taso ya ce ƙarya ne, tasa ta je Jos ta dawo ba adadi ko tari ba ta yi ba. Nan gardama ta kaure, kowa na rantsuwa da tasa. Da na gaji na tashi, sai Nedu ya raka ni bakin titi, ya sassauta murya ya ce in ina son gaskiyar BMW in je wurin Baba Jide, amma in na je kada in zauna a gaba. Na tambaye shi dalili, ya ce shi dai ya faɗa mini.

Ka san Baba Jide, mai kantin magani a PZ, aminin Babanmu Sati tun kafin a haife mu. Ka kuma san gardamarsu. Baba da Marsandinsa, shi da BMW ɗinsa, kullum da yamma a kan bencin ƙofar kanti, wannan ya ce motar wancan amarya ce mai son a lallaɓa ta, wancan ya ce ta wannan tsohuwar jaka ce da ba ta san sauri ba. Ba su taɓa gajiya ba. Baba har cewa yake shi ba zai taɓa shiga wannan mota da ƙafarsa ba. Ka san kuma ranar da ciwon ya kama shi a kan wannan benci, Dominic ya tafi Kaduna da Marsandi, don haka ɗaukarsa aka yi aka sa shi a kujerar gaban BMW, kuma a nan rai ya yi halinsa kafin su kai asibiti. Abin da ni ban lura da shi ba sai yanzu shi ne, tun daga ranar motar Baba Jide ba ta sake shigowa layinmu ba. Ko zaman makoki a keke napep ya riƙa zuwa.

Na same shi da rana tsaka yana kwashe kayan kanti. Ya rame ƙwarai, Yaya. Ya ce 'yarsa Busola ta matsa ya koma Ibadan wurinta, ƙarshen wata za ta zo da direba su tafi da shi da motar. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya yi dariya, ya ce wato ɗan Sati ne da kansa yake tambayar BMW. Ya fara yabon motarsa kamar dā, amma bai yi nisa ba ya koma kallon gefen bencin da babu kowa. Hadari ya haɗo, sai ya ce in zo ya rage mini hanya zuwa Kwangila in hau mota daga can. Na manta da gargaɗin Nedu, na kai hannu ƙofar gaba. Ban taɓa jin Baba Jide ya daka mini tsawa ba sai ranar. Nan da nan kuma ya ba ni haƙuri, ya buɗe mini baya da kansa.

Muna fara tafiya sai motar ta soma ƙara, irin ƙarar nan da take yi in mutum ya zauna bai ɗaura bel ba. Nasa a ɗaure yake. 'Yar fitilar da ke gabansa kuma kujerar gefe take nunawa. Ya taka burki a hankali, ya miƙa hannu ya jawo bel ɗin ta kan kujerar da ba kowa, ya maƙale shi, ƙarar ta tsaya. Yadda ya yi abin ne ya tayar mini da tsigar jiki. Bai ja shi kai tsaye ba, sai da ya zagayo da hannunsa, kamar mai gudun kada ya bugi cikin wani. Har ya ɗan ce yi haƙuri, kuma ba da ni yake ba.

A hanya ya gaya mini komai, idonsa na kan titi. Ya ce tun washegarin jana'iza abin ya fara. Ya kai wa Nedu motar, aka jona mata kwamfuta, aka cire kujerar aka duba, aka sa wata, ba a sami komai ba. Nedu ya ce motar lafiyarta ƙalau, nauyi take ji, abin da aka ƙera ta ta yi ke nan. Ya ce da farko tsoro ya hana shi tuƙi, daga baya ya saba, har ya koma yi wa Baba gardama kamar dā, yana nuna masa yadda take shan kwana, yana tambayarsa ko Marsandi za ta iya haka. Sai muryarsa ta canza. Ya ce akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Ranar nan, da suka wuce Kwangila suka shigo Samaru, Baba ya farfaɗo, ya riƙe masa hannu ya ce ya kai shi gida wurin Mama. Ya faɗa ya sake faɗa. Shi kuwa ya ga asibiti ya fi, ya wuce kwanar layinmu da gudu, bai kuma yi nisa ba hannun ya saki. Ya ce ya san abin da ya kamata ya yi ke nan, ko yau aka sake haka zai yi, amma mutumin gida ya ce a kai shi, kuma har yau ba a kai shi ba. Yanzu ga shi za a tafi da motar Ibadan. Ya ce yaya zai kwashi Sati ya kai shi garin da bai san kowa ba, kuma da wane ido zai kalli Mama in ya shiga da motar gidanta.

Yaya, ni malamar makaranta ce, kuma ka san tarbiyyar da muka samu. Na san inda Baba yake kwance, na san abin da Littafi ya ce game da waɗanda suka yi barci cikin Ubangiji. Amma ina zaune a bayan kujerar nan, ga ƙanshin man zafin da Baba ke shafawa a gwiwa ya cika motar. Na ce wa kaina ai mai kantin magani ne, dole motarsa ta yi wannan ƙanshi. Da muka iso Kwangila ya fara neman wurin tsayawa, sai na ji bakina ya ce masa kada ya tsaya, ya kai ni har gida. Ya kalle ni ta madubi ya daɗe. Sai ya ci gaba. Ruwa ya fara saukowa. Da muka zo kwanar layinmu ya rage gudu, na ce masa ya shiga, ya shiga.

Ban kira Mama ba, ban gaya mata zan zo da kowa ba. Amma mun tarar da get a buɗe, tana tsaye a baranda ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci. Baba Jide ya tsaya kusa da Marsandi, bai kashe mota ba, ya cire bel ɗin kujerar gefe, ƙarar ta dawo. Mama ta sauko cikin ruwan nan ba lema. Ba ta kalle ni ba, ba ta gaishe da Baba Jide ba, ita da ba ta wuce ko yaro ba gaisuwa. Ta zagaya ta buɗe ƙofar gaba, ta ja gefe ta riƙe ta, ta ce sannu da zuwa, an daɗe a hanya. Ƙarar ta ɗauke. Ta ɗan jira, ta rufe ƙofar, ta taka zuwa cikin gida a hankali, tana bin gefe ɗaya na matakalar. Sai da ta kai ƙofar falo ta juyo ta ce wa Baba Jide ta gode, Allah ya saka masa, ya shigo ya sha ruwa. Bai iya fitowa ba. Ya kifa kansa a kan sitiyari yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Tun daga ranar motar ba ta sake yin ƙarar ba. Nedu ya zagaya gari da ita ba a ɗaura bel ɗin ba, shiru. Busola ta zo ta zauna a gaba suka tafi, ta kira ta ce sun isa lafiya. Da na je yi masa sallama, Baba Jide ya ce in gaya maka ka sayi duk wadda ka ga dama, shi ya daina gardamar mota, ba shi da abokin yi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Mama ta warware, Yaya, fiye da yadda muka roƙa. Tana cin abinci, tana barci, tana waƙa a kicin. Ta koma dafa faten tsaki irin yadda Baba ke so, da yakuwa da yawa, tana zubawa a kwanonsa ta rufe ta ajiye a tebur. Da yamma takan kunna rediyo ta zauna a falo, in na shigo daga makaranta sai in ji ta tana magana ƙasa-ƙasa tana dariya, in ta gan ni ta yi shiru ba tare da wata kunya ba. Kujerar Baba ta kusa da taga ba ta bari kowa ya zauna. Amma ta daina fita. Ba ta zuwa zumuntar mata, ba ta zuwa kasuwa, ranar Lahadi ma sai na yi da gaske. Da na faɗa mata zancen motar da za ka aiko, ta ce a gaya maka Allah ya yi maka albarka, amma kada ka wahalar da kanka, ita tafiya ɗaya ta rage mata kuma ba ta mota ba ce. Na ce ta daina irin wannan magana. Ta dafa ni tana murmushi ta ce in kwantar da hankalina, ba gaggawa ake yi mata ba, an ce ta kintsa a nitse, za a jira ta.

Ta kuwa fara kintsawa. Ta raba zannuwanta na cikin akwati, ta ba ni wasu, ta ware na Anti Winifred. Ta ba Ƙauna Littafinta Mai Tsarki. Ta sa Dominic ya kai ta ta nemi gafarar Mama Tosin, maƙwabciyar nan da suka yi shekaru ba sa magana saboda iyakar fili. Na kai ta wurin likita da dabara, ya duba ta ya ce jininta da zuciyarta sun fi nawa kyau. Ban gaya wa Fasto ba tukuna. Na san in na faɗa za a zo da addu'ar kora, kuma ban san abin da zai same ta ba in ta ga ana korar abin da take gani mijinta ne. Dominic ya ce kewa ce kawai, za ta wuce. Wataƙila gaskiyarsa. Amma ni ce na ce wa Baba Jide ya shiga kwanar nan, kuma in na zo wucewa ta gaban kujerar taga, sai in tarar na rage murya ban sani ba.

Don Allah, Yaya, kada ka jira Kirsimeti. Nemi hutu ka zo yanzu, ko na 'yan kwanaki ne. Kai take jin maganarka, kuma ni kaɗai abin ya yi mini nauyi. In kuma babu abin da za mu iya, gara a ce ka zauna da ita tana cikin wannan farin ciki.

Ka gaishe mini da Anti Winifred da kyau, da Remi da ƙanwarsa, ka ce musu Anti Keziya tana ajiye musu gyaɗa. Dominic yana gaishe ka, Ƙauna ma haka, da dukan mutanen layi. Mama ta leƙo ta gan ni ina rubutu, ta tambayi wa nake rubuta wa, na ce kai. Ta ce in gaishe ka ƙwarai, in kuma ce maka su biyun suna sa ido.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka ƙanwa,
Keziya Sati