Zuwa ga Malama Sarada, Mai Farantin Jan Ƙarfe

Zuwa ga malamata, Malama Sarada,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kina lafiya a duk inda kike a ƙasar Indiya. Ni ce Habiba, 'yar Fulanin Burumburum, wadda kika koya wa lissafi a makarantar kwana ta 'yan mata sama da shekara arba'in da suka wuce. Ba ni da adireshinki. Jikata ta nemi sunanki a waya har ta gaji, shi ya sa nake rubuta wannan a inda kowa zai gani, ko wani zai kai miki.

Ban sani ba ko kina tuna ranar da na soki hannun Ladidi, 'yar ajinmu, da tsinken kamfas na zana da'ira. Ta ce ina warin nono, ajin ya yi dariya, ni kuma ban san lokacin da na tashi ba. Sai jini na gani a kan littafinta. Shugabar makaranta ta ce in haɗa akwatina. Ke ce kika shiga ofis kika roƙa a ba ki ni na zango ɗaya, in ban canza ba a kore ni.

Haka na fara zuwa gidanki a kwatas ɗin malamai kullum bayan la'asar. Ranar farko na hango kusurwar ɗakinki: ƙaramar fitilar mai, furanni, jan gari, da farantin jan ƙarfe mai zane. Na ce a'uzubillahi, na ruga waje ko takalmi ban ɗauka ba. Ba ki ji haushi ba. Kika kawo mini takalman, kika shimfiɗa tabarma a baranda. Tun daga ranar ba ki sake cewa in shiga ba.

Ni ce da kaina na tambaye ki bayan mako biyu, don son sani ya hana ni sakat. Kika fito da farantin kika riƙe shi nesa da ni. Alwatika tara ne sarƙe da juna, huɗu na kallon sama, biyar na kallon ƙasa, da'ira ta kewaye su, sai katanga mai ƙofa huɗu daga waje. A tsakiya ɗigo ɗaya tak. Kika ce a addininku wannan gidan abar bautarki ne, wadda kike kira Uwa. Kika ce ana zana ta riƙe da igiya da ƙugiya, igiyar kwaɗayi ce, ƙugiyar fushi, kuma duka a hannunta suke, ba su ke riƙe da ita ba. Kowace safiya kina zama, ki shiga da idonki ta ƙofar waje, ki bi zanen a hankali kina maimaita addu'arki, kina ajiye abin da ke cin ranki mataki mataki, har ki isa ɗigon.

Na yi mamakin me mace mai sanyi irinki za ta ajiye. Sai kika faɗa mini cewa kin taɓa watsa wa ƙanwarki ruwan zafi saboda wata magana da ko tunawa ba kya yi, tabon yana wuyanta har lokacin. Ranar na daina jin kunyar kallon idonki.

Abin da kika ce daga baya, da Hausarki mai tuntuɓe, shi ne ya zauna mini: "Wannan nawa ne, ba naki ba. Ke me babanki ya koya miki ki yi in fushi ya zo?" Na ce alwala, da zama in ina tsaye, da tasbihi. Kika ce to me nake jira. Kika miƙo mini kamfas ɗin nan da aka ƙwace, kika ce daga yau da'ira kawai zai zana. Duk ranar da na zo raina a ɓace, sai ki nuna mini buta, in yi alwala, in zauna in ja carbina, ke kuma ki shiga ɗaki wurin farantinki. In mun fito mu yi lissafi. Da rana ta yi ja, ke ce mai korata kada in rasa magariba.

Ba a kore ni ba. Na nemi gafarar Ladidi a gaban aji, kina tsaye a bakin taga.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta. Da 'yan mata suka fara kirana 'yar mai gunki, sai na janye. In na hango ki sai in canza hanya. Ranar da za ki koma Indiya kin aiko a kira ni sau biyu, na ɓuya a bayan ɗakin kwana har na ji motar ta tashi. Wadda kika aika ta ce kin tsaya da ƙofar mota a buɗe kina duba hanya.

Malama, ban bar addinina ba, kuma ba ki taɓa neman in bari ba. Na haifi 'ya'ya shida, na yi aikin jinya a Tudun Wada da Doguwa har na yi ritaya. An zage ni a bakin aiki, an ɓata mini a gida, zafin zuciyar yana nan bai mutu ba. Amma hannuna bai sake cutar da kowa ba. Ina so ki san wannan. Ki yafe mini ɓuyan da na yi, yarinta ce da tsoron baki.

Idan kina raye, Allah Ya ba ki lafiya da tsufa mai sauƙi, Ya kewaye ki da masu tausaya miki, Ya shiryar da mu baki ɗaya zuwa abin da Yake so. Ina fatan kun shirya da ƙanwarki. Idan kuma kin riga mu tafiya, na bar lamarinki a hannun Wanda Ya fi ni sanin abin da kika yi mini.

Taki, ɗalibar da ba ta zo sallama ba,
Habiba