Koriyar Kwalbar da ke Hoton Suna

Omdurman, watan Rajab

Zuwa ga Yaya Saratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Sana'ar ɗinki tana tafiya, matata Sittana ta murmure daga jego, jaririya kuwa sai ƙiba take yi kamar ana hura ta.

Saƙonki ya iso. Da farko dariya na yi, daga baya jikina ya yi sanyi. Kin ce Iya ta ga koriyar kwalba a hannuna cikin hoton suna, ta ce Muntari ya je Sudan ya koyi shan giya, ta juya fuskar hoton bango. Haba Yaya, har da ke ba ki tsaya mini ba? Ni da ko warin burkutu ba na iya wucewa sai na toshe hanci.

A garin nan giya ba ta da kwalbar kanta. Wanda hukuma ta kama da ita bulala zai sha, shi ya sa masu shan aragi, wato barasar dabino, a jarkar man girki suke ɓoye ta. Wadda kuka gani ruwan sha'ir ce, babu maye ko ɗigo, sai dai ita ma bira suke ce mata, wato giya da Larabci, sunan da ya sa na yi salati ranar da na fara ji. Daga Jidda ake kawo ta, kuɗin guda sai ya yi mana cefanen yini. Mutanen nan kuwa in ba koriya ba ce mai rubutun waje, sai su ce ta talaka ce, alhali ni duk ɗaci ɗaya nake ji. Surukina, wanda yake limanci a unguwar Alsahafa, shi ya sayo guda tak ya miƙa mini a gaban baƙi don ya girmama ni, sauran jama'a suna shan zoɓo. Ta yaya zan ƙi? Na shanye ina murmushi, raina yana kan zoɓon.

Na ba Alhaji Jibrin, ɗan kasuwar da zai kawo miki takardar nan, kwalba guda ɗaya a rufe. Ki sa malamin unguwa ya karanta Larabcin jikinta a gaban Iya. Na san halinta, ba za ta ɗanɗana ba, ban ma nema ba. Amma wallahi fushinta ya tsaya mini a rai, duk daɗin zaman nan bai kai shi nauyi ba.

Ki gaishe da Baffa da Gwaggo da yaran gida, Sittana ma tana miƙa gaisuwa. Ki durƙusa gaban Iya ki faɗa mata da bakina: "Iya, ko ba ki huce da ni ba, a juyo hoton. Yarinyar da ke ɗaya hannun sunanki ta ci, kunya ce ta sa muke kiran ta Ni'mat. Ita nono kawai ta sha, kuma ta gaji da kallon bango."

Ƙaninki mai kewarku,
Muntari