Walimar Suna a Ɓangaren Gwauraye

Malaz, Riyad.

Zuwa ga Hindatu, sanyin idona, inuwata a garin da rana ba ta san wasa ba, ruwan randa a bakin mai azumi, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, amaryata jiya, uwar ɗiyata yau. Assalamu alaikum.

Yaya jiki, yaya ruwan zafi, yaya Ummi? Ki gaishe min da Inna gaisuwa mai kyau, ki durƙusa har ƙasa a madadina. Na ba abokina Dalhatu wannan takarda ya kawo miki hannu da hannu tunda zai zo Funtuwa hutu, domin wallahi na gaji da irin wayar da muke yi. Ni ina nan ina zuba kalamai kamar famfon da ya lalace, ke kina can gefen Inna kina amsa min da to da madalla, sai ka ce mai karɓar saƙon gaisuwar mutuwa. Na san kunya ce. To wannan ki shiga ɗaki ki sakaya ƙofa, ki karanta a tsanake, ki yi dariyarki mai sa kafaɗunki rawa.

Ya farin cikin raina, kin tuna ranar da muka fara shiga babban kantin kayan ɗakin nan? Cokula muka je saye. Muka yi ta bin kibiyoyin da aka zana a ƙasa, muna ratsa ɗakunan kwana marasa masu su, da kicin-kicin da famfonsu ba ya kawo ruwa. Babu durowar da ba ki buɗe ba, babu kujerar da ba ki gwada ba, ni kuwa ina biye da ke ina juya takardun farashi ina neman tsari. Sai da ƙafafunmu suka yi tsami yunwa ta kai mu wurin cin abincinsu. Da kika ga kuɗin da aka rubuta a allo sai kika mintsine ni, kika ce mu yi sauri mu karɓa kafin su gane sun yi kuskure. Ba kuskure ba ne, masoyiyata. Sun san wanda ya ƙoshi shi ke da ƙarfin sayen gado, mu kuma muka ci, muka ƙoshi, muka yi musu godiya, muka fito da cokulanmu.

Kin tuna farantin? Curi-curin nama, da dakakken dankali, da wata miya fara-fara, sai wani jan abu a gefe mai zaƙi da tsami kamar an daskarar da zoɓo. Kika ce duk wanda ya haɗa nama da kayan zaƙi bai tashi a gaban uwarsa ba. Kafin na gama dariya kin cinye naki, kin miƙo cokali cikin nawa. Daga nan yammacin Alhamis ya zama namu. Kina zuwa da kwalbar yajinki a jaka, ki waiga hagu da dama ki barbaɗa mana kamar mai aikata laifi. Ni kuma na yi ta komawa ƙarin kofi tunda ba a biya, har hannuna ya riƙa rawa. Da cikin Ummi ya shiga kuwa, kin ƙi tuwo, kin ƙi shinkafa, kin ƙi ƙamshin turarena, amma jan abin nan da kika zaga shi kaɗai ke zama a cikinki. Wane sarki ne ya taɓa cin abin da ya kai wannan daɗi? Wace fada ce ta kai teburin roban nan, ke a gabana, askirim na narkewa yana bin yatsunki?

Yanzu bari na ba ki labarin da na ƙi ba ki a waya.

Ranar suna na tashi da farin ciki har ban san inda zan sa kaina ba. Rago yana can Funtuwa, jama'a suna can, ni ina nan ni da litattafai da na'urar sanyin da ke tari. Na ce ina, ba za a raɗa wa ɗiyata ta fari suna ubanta bai ciyar da kowa ba. Na duba mukafa'a, ɗan alawus ɗin da jami'a ke ba mu, na ga ko ƙafar rago ba za ta saya ba a garin nan. Sai wurinmu ya faɗo min a rai. Na kira abokan karatuna, na kira Harouna, mutumin Maradin nan mai dakon kayan miya a kasuwar Aziziya, wanda yake kawo mana tumatir. Ya zo da a-kori-kurarsa, da kwalin dabino, da goron da Allah kaɗai ya san inda ya samo shi. Muka cika mota kamar 'yan rakiyar amarya, kowa da farar jallabiyarsa.

Ina gaba ina tafiyar uban taro, ƙafafuna suka kai ni ƙofar da muka saba shiga. Sai mai gadin, wani dattijo mai furfura, ya tare ni da hannu, ya nuna min wata ƙofar can gefe. Hindatu, kin san duk zuwan da muka yi ban taɓa lura ƙofa biyu ce ba? Ɗaya ta masu iyali, inda ake da labule kike ɗage niƙabinki na ga fuskarki muna ci. Ɗayar ta maza zalla, waɗanda suka zo babu mace tare da su. Ashe duk wannan lokaci albarkacinki nake ci ban sani ba. Na tsaya na yi masa bayani da Larabcin da ko malamaina ba su taɓa jin irinsa a bakina ba, cewa ni mai iyali ne, yau ma fiye da kullum. Na ciro waya na nuna masa hoton Ummi a cikin zanen Inna. Ya karɓa ya duba, ya yi murmushi, ya ce mabruk, wato barka, ya yi mata addu'a mai tsawo har idona ya ciko. Sannan ya mayar min da wayata, ya ce iyalin da ke shiga ƙofar nan da ƙafa suke shigowa, ba a cikin aljihu ba. Abokaina suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Haka angon ƙarni ya juya ya shiga ɓangaren gwauraye.

Amma fa an yi walima! Muka haɗa tebura, tire-tire suka yi ta zuwa. Harouna ya daɗe yana kallon dakakken dankali, ya ce wannan tuwon bai nuna ba, sannan ya ci faranti biyu. Na fito da ragowar yajinki, aka yi wawarsa. Mutanen da ke teburan kusa suka tambayi abin da ake yi, muka faɗa musu, sai ga dabino yana zagayawa hannu zuwa hannu, direbobi 'yan Pakistan, wani tela ɗan Yaman, wasu samari 'yan Filifin masu gyaran lantarki. Wani ya gwada goro ya yamutsa fuska kamar an mare shi. Ɗaya daga cikinmu ya ɗaga hannu ya yi addu'a, aka shafa da harsuna kala-kala. Ban taɓa ganin sunan da ya tara ƙabilu irin na ɗiyarki ba, ki gaya wa Inna haka.

Sai wani bawan Allah ɗan Indiya, mai tuƙa babbar mota, ya matso ya karɓi wayata ya kalli Ummi. Ya ciro tasa ya nuna min yaro cikin kayan makaranta, ya ce rabonsa da shi tun yana rarrafe. Kafin na ce wani abu na kusa da shi ma ya ciro tasa, na gaba ma haka. Tebur ya cika da fuskokin yara, kowane uba yana goge gilashi da babban yatsa kafin ya miƙa. Ashe ɓangaren da nake kira na gwauraye cike yake da ubanni. Na yi dariya tare da su, na yaba kowane yaro, amma na ture farantina gefe. Na ji tsoro, Hindatu, tsoro na gaske.

Ya tauraruwar asubata, na san Inna ta ce ki zauna har Ummi ta yi ƙafa. Ban ga laifinta ba. Ɗakinmu ƙarami ne, garin babu dangi, ke kuma haihuwar fari. Amma bizarki ta dawowa za ta ƙare a ƙarshen Safar, in ta mutu kuwa babu sake samun wata sai na gama karatu, lokacin Ummi ta iya gudu, ta iya ɓuya a bayanki in ta ga baƙon namiji ya shigo. Ta yaya zan zauna a aji ina haddace babin haƙƙin 'ya'ya, tawa tana fitar da haƙori ban gani ba? Wa zai ba ni labarin ranar da ta fara dariya? Takardun tafiyar Ummi na gama su, tikiti na hannun Dalhatu. Mubina, matar Malam Shakir da ke unguwar Naseem, ta yi alkawarin leƙo ki kullum har ki warware. Wanki nawa ne, cefane nawa ne, raino in kin gaji nawa ne, ko da abokaina za su sa min suna. Na rubuta wa Inna tata takardar daban cikin ladabi, amma na san ta, idonki za ta kalla kafin ta yanke magana. Don Allah, in ta kalle ki, kada ki sunkuyar da kai ki ce duk yadda aka yi daidai ne. Wannan karon ki ajiye kunya, ki ce kina son dawowa.

Da za mu fita, dattijon nan ya kira ni ya ba ni ɗan abin wasa na roba daga aljihunsa, ya ce na Ummi ne, na kawo masa ita ya gani, shi da kansa zai buɗe mana ƙofa. Na ce masa in sha Allahu kafin Safar ya fita. Na yi alkawari da bakinki, masoyiyata, ban nemi izininki ba. Ki zo ki fitar da ni kunya.

Ni ne naki, wanda zuciyarsa ba ta da wata ƙofa sai taki, yau da gobe har ranar da za a kira ɗayanmu,

Tamimu, baban Ummi.