Zuwa Ga Usaina, Kafin In Tafi Karatun Likita

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan rahamar Ubangiji tana lulluɓe da ke a makwancinki, ni ce Hassanarki. Mutanen gida duk suna lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Baba yana ta fama da gona, masara kuma ta yi kyau bana. Na san wasiƙa ba ta isa inda kika tafi, na kuma san wasu ne za su karanta wannan a shafina. Duk da haka da ke nake magana, su sai su ji a gefe.

An ba ni gurbin karatun likita, Usaina. Sati mai zuwa zan tafi.

Kin tuna yadda baƙi a Yako ba sa yarda mu tagwaye ne? Ni baƙa mai jiki, ke siririya, idonki da ɗan rawaya-rawaya saboda sikila. Ciki ɗaya muka kwanta, amma ke Allah ya jarraba da ita, ni ya bar ni. In sanyi ya shigo ko damina ta yi nisa sai ciwon ya tashi, ki dunƙule a tabarma kina cizon bakin zani don kada Inna ta ji. Ni ce mai dafa ruwa, ni ce mai gasa miki gwiwa da tsumma. Da kin ɗan samu sa'ida sai ki ce in miƙo miki littafin bayoloji.

Ke ce mai ƙwaƙwalwar, wannan kowa ya sani. In malam ya yi tambaya a aji sai in sunkuyar da kai hankalina kwance, don na san hannunki ya riga ya tashi, ya ishe mu mu biyu. A hanyar makaranta ni ke ɗaukar jakarki, ke kuma ki dinga tsokanata: "Ki saba tun yanzu, Hassana. In na zama likita ke za ki dinga riƙe mini jaka." Ban taɓa jin haushi ba. Burina a lokacin bai wuce in gwanance a kitso in samu keken ɗinki ba.

Sai shekarar jarrabawarmu ta kammala sakandare ta zo.

Ana tsakiyar rubutawa ciwon ya tashi, kuma ba irin tashin da muka saba ba. Ƙirji ya kama. Ruwa ya ɓata hanya, mota ba ta shigowa, sai a babur Baba ya ɗauke ki, ni a baya na rungume ki, har asibitin Kiru. Daga can suka ce sai Kano. Haka na koma rabi a makaranta rabi a asibiti: in rubuta takarda, in hau mota in zo wajenki, gari na wayewa in juya. Ranar kemistiri na isa an riga an yi nisa. Na zauna ina kallon tambayoyin, ba abin da nake gani sai ledar jinin da aka rataye miki.

Da na dawo kika zare robar numfashi daga fuskarki, kika ce in faɗa miki abin da aka tambaya. Na faɗi wadda na iya tunawa. Kika ba ni amsar kina haki, sannan kika harare ni, kika ce, "Haba Hassana, wannan ai mun yi ta tare a gindin mangwaro." Ita ce hararar ƙarshe da kika yi mini. Ba a daɗe ba kika cika, da hantsi, Inna tana riƙe da ƙafarki.

Da sakamako ya fito na faɗi kemistiri, na faɗi fiziks, lissafi ma da ƙyar. Ke kuwa 'yan takardun da kika samu rubutawa kafin ki kwanta, duk kin cinye. Baba ya karɓo biyun, ya ninke su tare ya sa a aljihu.

Shekarar da ta biyo baya ban san yadda ta wuce ba. Ina taya Inna turara shinkafa, ina yi wa yara kitso, in an ba ni abinci in ci. In aka kira sunana sai in ji kamar an yanke magana a tsakiya, don tun da na yi wayo in an ce Hassana, Usaina ce ke biyowa.

Abin da ya tashe ni 'yar maƙwabciyarmu Lantana ce, wadda kika bari a goye. Hannayenta da ƙafafunta suka kumbura, tana ta tsala ihu, har ana shirin kai ta wajen wanzami a yi mata tsaga. Ina leƙawa na gane. Na roƙi uwarta Lantana ta bar maganar tsagar, mu ba ta ruwa, mu lulluɓe ta, mu tafi asibiti. Na raka su Kiru. Aka auna jini, sikila ce. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu, Sista Binta, ta lura da yadda na ɗauki yarinyar ban taɓa inda ke mata ciwo ba, ta tambaye ni inda na koya. Na ce a jikin 'yar'uwata. Ta ce duk Talata suke ganin masu sikila, hannu ya yi musu kaɗan, in ina so in dinga zuwa, amma fa ba albashi.

Na fara zuwa. Aikina kiran kati, ɗora yara a sikeli, da zama da iyaye mata ina gaya musu abin da Inna ta koya da wahala: a dinga ba su ruwa, a kare su daga sanyi da sauro, kada a jira ciwo ya ci jiki kafin a taho. Wata rana Sista Binta ta ce in kawo mata sakamakona. Na miƙa mata ina kallon ƙasa. Ta duba, ta ce, "Ni na san abin da ya same ki. Amma jami'a ba ta sani ba, kuma takarda za ta duba, ba fuskarki ba. In kina so, sai kin sake."

Na sake, Usaina. Malam Sabi'u, malaminmu na kemistiri, yana lesin a Kwanar Dangora, na dinga bin ƙaramar bas ina zuwa. Ya mayar da ni tun daga tushe kamar 'yar aji ɗaya. Ya ce ni ba daƙiƙiya ba ce, na dai saba jingina da ke, ban taɓa zama na yi kokawa da tambaya ni kaɗai ba. Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. A wannan karon na haɗa duk darussan a zama ɗaya. Na rubuta jarrabawar shiga jami'a, amma makina bai kai na likitanci ba. Aka ba ni ilimin tsirrai.

Baba ya ce in karɓa, ai shi ma karatu ne. Na ce ina so in je makarantar share fage a Tudun Wada in sake nema. Bayan la'asar ne, yana zaune a tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya. Ya ajiye ta, ya dube ni, ya ce, "Hassana, na binne ɗaya. Ba na so in zuba ido ɗayar ta ƙarar da rayuwarta wajen cika burin wadda ta tafi. Ke kike so, ko ita kike yi wa?" Duk da haka bai hana ni ba. Shi da kansa ya kai ni, ya ɗaura mini katifa a bayan babur.

Tudun Wada ba ta zo mini da sauƙi ba. Gwajin farko fiziks ta sake kayar da ni. Wannan karon ban ɓoye takardar ba, na kai wa malamin na ce ya nuna mini inda nake ɓata. Na nemi tsofaffin tambayoyi, na haɗa kai da wasu 'yan mata muna bita bayan aji, kowa ta koya wa sauran abin da ta fi ganewa. Ranar da aka fara cewa, "Hassana, zo ki yi mana bayanin wannan," sai da na waiga ko da wata ake. Sista Binta kuma ta haɗa ni da asibitin garin, ina zuwa taimako duk Asabar. Tambayar Baba dai tana nan, ina kwana da ita ina tashi da ita.

Wata Asabar aka kawo wata yarinya mai sikila daga wata ruga can wajen Doguwa. Jininta ya sauka, tafin hannunta fari fat, ko kuka ba ta iya yi. Uwar ba ta jin Hausa sosai, ubanta kuma jininsa bai dace ba. Likita ɗaya ne, ga layi har waje. Na riƙe masa hannunta yana neman jijiya, yana yi yana gaya mini saifa yake dubawa a cikinta, da dalili. Da aka ce babu irin jininta a ajiye, na fita bakin ƙofa wajen masu babur ina roƙonsu ɗaya bayan ɗaya, har wani bawan Allah ya kafe babur ɗinsa ya biyo ni. Nasa ya dace. Wajen la'asar yarinyar ta buɗe ido ta ce wani abu da Fillanci, uwar ta fashe da dariya tana hawaye. Wai nono take nema.

Na fito ina tafiya makaranta zuciyata fes, ina ta lissafin abin da zan je in karanta a kan saifa, don in gane me ya sa jinin ya sauka haka farat ɗaya. Sai da na kai bakin ƙofa na tsaya cak. Tun safe ban tuna ki ba, Usaina. Ko sau ɗaya. Yarinya mai ciwonki, ledar jini irin taki, amma yini guda ita kaɗai nake gani.

Na zauna a kan dakali na yi kuka sosai. Da farko ji na yi kamar na yashe ki. Sai a hankali na gane amsar Baba ce ta zo. Na kira shi a waya na ce, "Baba, ni nake so." Ya ce, "To, Allah ya yi miki albarka."

Sakamakon share fagen ya yi kyau, fiye da yadda na zata. Aka kira mu tantancewa. Wata ta ba ni shawara kada in kai sakamakona na farko, kada kuma in tayar da maganar shekarun da na zauna. Sista Binta ta ce sam, in tafi da komai, ta kuma rubuta mini takardar shaidar aikin da na yi a wajensu. Cikin masu tantancewar akwai wata dattijuwar likita. Ta jera takarduna a gabanta, ta sa yatsa a tsakani, ta ce, "Nan fa? Ina kika shiga?"

Na ce mata 'yar'uwata ta rasu lokacin jarrabawa, na faɗi, na zauna, sannan na sake na ci. Na gaya mata inda na yi aiki a tsakani da abin da na koya a can. Ban yi kuka ba, ban kuma nemi a tausaya mini ba. Ta yi mini tambayoyi a kan jini, na amsa. Ta yi mini ɗaya a kan ƙoda, na ce ban sani ba. Ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu. Na fito ban san matsayina ba, na yi makonni ina zargin ƙodar nan.

Saƙon samun gurbin ya shigo wayata muna shanyar shinkafa da Inna. Na karanta mata. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Alhamdu lillahi," ta maimaita, sannan ta tashi ta shige ɗaki ta daɗe. Ban bi ta ba. Na san rabin wannan zaman naki ne.

Kin san mu mata ba ma zuwa maƙabarta, har yau ban san gefen da kike ba. Juma'ar da ta wuce Baba bai dawo daga masallaci da wuri ba. Da ya shigo na ga ƙasa a gwiwar wandonsa. Ya ce ya biya ta wajenki ne, ya tarar ciyawa ta rufe, ya tsuguna ya cire da hannu, ya yi miki addu'a. Ya karɓi ruwa ya sha, sannan ya ce, "Na gaya mata. Ban sani ba ko ana ji, amma na gaya mata."

Ina jin tsoro, 'yar'uwata, ba zan ɓoye miki ba. Karatun da tsawo, na girmi yawancin waɗanda zan zauna da su, kuma na san zan sake haɗuwa da darasin da zai kayar da ni. Amma yanzu na san yadda ake tashi.

Allah ya jiƙanki, Usaina. Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya ba ki jikin da ba ya ciwo a gidan da babu sanyi babu zafi. Allah ya ƙara wa Inna da Baba haƙuri da tsawon rai. Ni kuma ya ba ni ilimi mai amfani da hannu mai sauƙi a kan marasa lafiya, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amin.

Ki huta lafiya.

Taki,
Hassana
Yako